Tulun Fontainebleau: an ƙiyasta shi yuro 2,000, guduma ta faɗi a miliyan 7.7

Ranar Asabar 1 ga Oktoban 2022 aka yi wani gwanjo a garin Fontainebleau, kudu maso gabas da birnin Paris a Faransa, wanda har yau in na tuna shi sai abun ya tsaya min a rai. Kuɗin da aka ambata abun a riƙe baki ne kam, amma ni abun da ya fi damuna shine mutum ɗaya da ya rasa aikinsa a kan lamarin, wato ƙwararren da ya ƙiyasta wa gidan gwanjon shekarun tulun da kuɗinsa. Tulu ne na tangaran ɗan ƙasar Sin, fari da zanen shuɗi, tsayinsa santimita 54, gidan gwanjon Osenat suka saka shi a katalog ɗinsu, wato littafin kayan da za a yi gwanjonsu, a matsayin aikin ƙarni na 20, kayan ado kawai irin wanda ake ajiyewa a falo, suka ce zai yi yuro 1,500 zuwa 2,000. Da aka gama tayi sai a yuro miliyan 7.7 guduma ta faɗi, in an ɗora la'adar gidan gwanjo mai saye zai biya wajen miliyan 9.12, miliyan 7.7 ɗin kaɗai ninki kusan 4,000 kenan na abun da aka ƙiyasta.

Mai tulun wata mata ce da ma ba a cikin Faransa take zaune ba, tana can ɗaya daga cikin yankunan Faransa na ƙetaren teku. Mahaifiyarta ce ta rasu a wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Biritaniya ta Faransa, Saint-Briac-sur-Mer, sai ta sa aka kwashe kayan gidan aka kai gwanjo ba tare da ita ta zo ba. Asalin tulun na kakarta ne, wadda mai tara kayan tarihi ce a Paris, daga ita ya dawo hannun uwar, ita kuma uwar furanni take sakawa a ciki abunta shekara da shekaru. Salsalar tulun kenan gaba ɗaya yanda aka faɗa wa duniya, kaka, uwa, 'ya. Ku riƙe wannan dan zan dawo kansa.

Irin wannan tulun 'yan Sin tianqiuping suke ce mishi, ma'ana tulun ƙwallon sama, saboda cikinsa zagaye ne kaman ƙwarya biyu an kife su, sai dogon wuya miƙaƙƙe a sama. Siffar ta samo asali tun farkon ƙarni na 15 a daular Ming, zamanin sarakuna Yongle da Xuande, sai kuma aka sake farfaɗo da ita a ƙarni na 18 a daular Qing. Zanen da ke jikin wannan gajimare ne da dodon nan mai jikin maciji da suke kira long, wanda a wajensu alamar sarki ne. A gindinsa kuma akwai hatimin sarki Qianlong, wanda ya yi mulki shekara 60, daga 1736 zuwa 1795. To wannan hatimin shine ya tada ƙura.

Da katalog ya fita a intanet sai waya ta fara ringin a gidan gwanjon ba ƙaƙƙautawa, da aka baje kayan dan mutane su zo su gani kafin ranar sai ga dillalai da masu saye 'yan Sin suna ta tururuwa da tocila da madubin ƙara girma, kowa tulun nan yake nema, su haska cikinsa su juya gindinsa. Mutum wajen 300 suka nuna suna so su taya. Dole gidan suka taƙaita abun zuwa mutum 30, rabi a cikin ɗaki rabi ta waya, aka hana tayi ta intanet, kowa kuma sai ya ajiye yuro 10,000 kafin alƙalami tukunna a ba shi dama. Ka duba fa, kafin alƙalamin kaɗai ya ninka ƙiyasin tulun sau biyar. Duk da haka katalog na nan yanda yake, ƙarni na 20.

Wanda bai saba da harkar ba zai ce to ai magana ta ƙare, ga sunan sarki nan a gindin tulu mai yasa ƙwararren bai gani ba? Ya gani mana. Hatimin harafi shida ne, Da Qing Qianlong nian zhi, wato an yi shi a shekarun Qianlong na babbar daular Qing, kuma babu hatimin da aka fi kwaikwaya a duniyar tangaran kamarsa, in ka shiga kasuwar tsofaffin kaya a Paris ko Landan ko Beijing za ka ga kwanuka da tuluna birjik da shi a gindinsu, mafi yawansu ko kakan wanda ya yi su bai ga zamanin Qianlong ba. Kuma ba duka ne ha'inci ba, dan a al'adar maginan Sin rubuta sunan sarkin da ya shuɗe girmamawa ce ga aikin zamaninsa, shi yasa za ka ga kwano na zamanin Kangxi (1662 zuwa 1722) ɗauke da sunan Chenghua wanda ya yi mulki 1465 zuwa 1487, kuma kwanon tsoho ne na gaske mai daraja, sunan ne dai ba nashi ba. Sannan da daular Qing ta faɗi a 1912 aka rufe aikin fada, maginan da suka ƙware ba su mutu ranar ba, suka ci gaba da yi wa kasuwa aiki da hannun nan nasu, suna buga Qianlong a gindi dan shi ake nema. Saboda haka in ƙwararre ya ga wannan hatimin ya ce ƙarni na 20, a mafi yawan lokuta shi ke da gaskiya, kuma duk wanda ke cikin sana'ar ya san haka.

Duk wannan aikin daga gari ɗaya yake fitowa, Jingdezhen a lardin Jiangxi, inda ake haɗa farar ƙasa ta dutsen Gaoling da wani niƙaƙƙen dutse a gasa a wuta mai zafin digiri wajen 1,300. Wani limamin kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles ya zauna a can ya rubuto wasiƙu gida a 1712 da 1722, ya ce kwano ɗaya yakan bi ta hannun ma'aikata har 70 kafin ya gama, mai zana layi daban, mai cike launi daban. Abun da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙar shine tun lokacin ya ba da labarin yanda ake yin sabon kwano a dafa shi cikin romo mai maiƙo a sake gasawa, sannan a tura shi cikin kwata wata guda ko fi, ya fito ana cewa ya shekara 300 ko 400. Wato Qianlong bai ma hau gadon sarauta ba an riga an iya tsufar da tangaran a garin. Yau kuma akwai masu nemo gindin tsohon tulu da ya fashe, mai hatimi na gaske, su ɗora masa sabon jiki a kai.

To in hatimi bai isa ba me ake dubawa? Kaman dai yanda mai sayen sa ba ya tsayawa kan abun da dillali ya faɗa sai ya buɗe baki ya ga haƙori, haka su ma gindi suke fara juyawa, dan zoben da tulu ke zama a kai shi kaɗai ne wajen da ba a shafa masa ruwan gilas ɗin nan mai ƙyalli ba, a nan ake ganin ainihin ƙasar. Aikin fada na ƙarni na 18 zoben nan sumul yake an goge shi da kyau, ƙasar fara ce mai laushi in ka shafa da yatsa, dattin shekaru kuma yana shiga ne a hankali ba ya zama kaman an shafa shi da gangan. Sai a ɗaga a ji nauyi, a ƙwanƙwasa a ji amo yanda mata ke yi wa tukunya a kasuwa, a haska tocila ciki a ga inda aka haɗa wuya da ciki dan babban tulu gunduwa-gunduwa ake yinsa a haɗe. Sai shafen ƙyallin, a saka madubi a duba 'yan kumfa da ke cikinsa da kuma ƙarzunan da ke jikinsa, wanda shekaru suka yi barkatai suke kowanne da inda ya nufa, wanda aka yi da hannu kuwa sai ka ga duk gefe ɗaya suka bi.

Sai shuɗin kansa, wanda nan ne ido ke rabuwa da ido. Da ma'adinin kobal ake zanen, kuma na farkon Ming daga wajen Farisa ake kawo shi, yana da ƙarfe a ciki, shi yasa in an gasa sai ya taru wuri-wuri ya yi baƙi-baƙi da kansa. A zamanin Qianlong kobal ɗin gida suke amfani da shi mai tsabta wanda ba ya yin haka, amma sarkin yana son kamannin na da, sai masu zane su riƙa ɗiga ɗigo-ɗigo da buroshi dan ya yi kama. Ka ga kenan tulun Qianlong na gaske ma kwaikwayon na Ming ne, na 1920 kwaikwayon kwaikwayo ne, na bara kuma hawa uku. Ƙwararre yana ƙoƙarin gane a wane hawa yake tsaye ne ta hanyar yanda hannu ya bi layi, ko da sakewa aka ja shi ko da ɗar-ɗar irin na mai kallon hoto yana bi, yanda idon dodon yake, yanda gajimaren ya naɗe. Dodon fada farce biyar gare shi, amma mai jabu ma ya iya ƙirga biyar. A zamanin da Tang Ying ke kula da aikin fada a Jingdezhen, daga 1728 har rasuwarsa a 1756, ba a barin abu mai aibi ya wuce zuwa Beijing, dan haka ƙaramar karkata a layi tana iya sa a ce a'a.

Wani zai ce ba sai a kai ɗakin gwaji ba kawai? Akwai gwajin, ana ɗibar ɗan guntu daga jikin abun a zafafa shi a auna hasken da yake fitarwa, daga nan a lissafa tun yaushe rabonsa da wuta, akwai ɗakin gwaji a Ingila da ya shahara da wannan. Sai dai a tangaran sai an huda gindin da na'ura an ciro guntun, kuma ba kowane mai tulun miliyoyi ne zai yarda a huda masa ba, sakamakon kuma tazarar shekaru yake bayarwa ba shekara takamaimai ba, sannan masu jabu sun koyi haska wa sabon abu hasken hoton ƙashi dan ya rikita awon. Shi yasa har gobe a wannan kasuwar ido ne da salsala. Salsalar nan kaman isnadi take, wane ya saya a wajen wane a shekara kaza, ga rasit, ga hoton da aka ɗauka a baje koli kaza, ga lamba a tsohon katalog. In silsilar ta kai kafin zamanin jabun yanzu hankali ya kwanta. Na Fontainebleau kuwa kaka, uwa, 'ya, labari ne mai daɗi kuma yana nuna ba jiya aka gasa shi ba, amma bai raba tsakanin 1750 da 1920 ba, alhali rigimar duk a nan take.

Bayan gwanjon da 'yan kwanaki shugaban gidan, Jean-Pierre Osenat, ya shaida wa 'yan jarida an sallami ƙwararren. Hujjarsa ita ce mutum ɗaya ba zai fi mutum 300 gaskiya ba. Shi kuma ƙwararren, wanda ba a bayyana sunansa ba, ya tsaya kan bakansa cewa tulun ba na ƙarni na 18 ba ne. Abun da ya sa na kasa haɗiye wannan korar shine a daidai wannan lokacin shugaban sashen kayan Asiya na gidan, Cédric Laborde, yana gaya wa 'yan jarida su kansu ba su tabbatar tulun tsoho ne ko ba tsoho ba. To in gida bai tabbatar ba, a kan me aka yanke wa mutum hukuncin kuskure?

Maganar mutum 300 ɗin nan ita ce nake so a tsaya a kai dan a nan lissafin ya karkace. Mutum 300 ba su ce tulun na Qianlong ne ba, cewa suka yi a yuro 2,000 suna so. In ana sayar da abun da in ya tabbata na gaske zai yi miliyoyi, a kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba, ko wanda a ransa kashi ɗaya cikin goma yake ba shi zai zo ya taya, kasada ce mai sauƙi. Yayin da kuɗi ke hawa masu shakka ke zamewa ɗaya bayan ɗaya, farashin ƙarshe kuwa mutum biyu ne ke yinsa, wanda ya saya da wanda ya sare daf da shi. Saboda haka miliyan 7.7 shaida ce cewa aƙalla mutum biyu masu kuɗi sun yi imani sosai, kuma ban raina wannan ba wallahi, dillalan Sin da yawa sun taɓa tangaran na fada da hannunsu fiye da yanda ƙwararren ƙaramin gidan gwanjo zai taɓa a rayuwarsa, yana yiwuwa ƙwarai su ne suka gani daidai. Amma imaninsu bai zama hujjar shekarun tulu ba, in da za a yi adalci sai a kira wasu masana biyu ko uku su duba su rubuta dalilansu, a ajiye kusa da nashi dalilan.

Kuma ba yau aka fara ba. A watan Maris na 2011 Sotheby's da kansu a New York, gidan da ke da manyan masana tangaran na duniya, suka saka wani tulu daga kayan dillali J.T. Tai suka rubuta wataƙila na zamanin jamhuriya ne, wato bayan 1912, ƙiyasi dala 800 zuwa 1,200, aka saye shi dala miliyan 18. Sannan buga guduma ma ba shine kuɗi a hannu ba. A Nuwamban 2010 wani ƙaramin gidan gwanjo, Bainbridges a Ruislip da ke yammacin Landan, suka sayar da tulun Qianlong da aka samu wajen kwashe kayan wani gida a Pinner kan fam miliyan 43, duniya ta ɗauka, kuɗin bai zo ba, aka yi ta ja-in-ja sama da shekara biyu sai a farkon 2013 aka sayar da shi a asirce ta hannun gidan gwanjon Bonhams kan wajen rabin wancan. Irin wannan ne ya sa gidajen gwanjo ke karɓar kafin alƙalami yanzu.

Ni inda nake ganin an yi sake a Fontainebleau tun kafin ranar gwanjo ne. Ƙwararre ya yi aikinsa ya faɗi ra'ayinsa, to amma da aka ga cincirindo da tocila, har aka ga ya dace a nemi yuro 10,000 a hannun kowa, ai gida ya riga ya san ƙiyasinsa da kasuwa sun raba hanya. Nan ne ya kamata a janye tulun a ɗaga sayarwar, a nemo wasu idanun, a tambayi matar ko akwai wata takarda ta kakarta a cikin kayan. Kwatanta da abun da ya faru a Sotheby's na Paris a Yunin 2018, da wata mata ta kawo tulu a cikin kwalin takalmi wanda ya daɗe a ɗakin ajiya na saman gidansu, masanin da ya buɗe kwalin ya gane aikin fadar Qianlong ne, aka yi bincike aka kwatanta shi da ɗan'uwansa da ke gidan tarihi na Guimet, aka ƙiyasta yuro 500,000 zuwa 700,000, ya tashi a miliyan 16.2. Can ma kasuwa ta ninka ƙiyasi fiye da sau 20, amma mai saye ya tafi da tulu da kuma takardar da ke cewa na ƙarni na 18 ne.

Kuma a tausaya wa ƙwararre a Faransa, gaba kura baya sayaki yake. Doka ta ba da shekara biyar da za a iya kai shi da gidan gwanjo ƙara kan abun da suka rubuta. In ya ce Qianlong ne ya zama ba shi ba, mai saye zai maka shi kotu kan miliyoyi. In ya yi ƙasa da abun shi ma ba tsira ya yi ba, dan kotunan Faransa sun taɓa soke ciniki saboda haka, wani zane da aka sayar a 1968 kan faran 2,200 a matsayin aikin almajirai, gidan tarihi na Louvre ya karɓe ya rataye shi da sunan shahararren mai zanen Faransa Poussin, masu shi suka yi ta shari'a har 1987 aka mayar musu da kayansu. Mutumin da ke aiki tsakanin waɗannan biyun, in ya duba tulu da iliminsa ya ce ga abun da na gani kuma ya ƙi canza baki bayan ya ji miliyan 7.7, ni a wajena wannan riƙon amana ne ko da a ƙarshe ya tabbata ya yi kuskure.

Akwai kuma abun da ke ƙara wa irin wannan tayin zafi wanda ba ya cikin katalog. Gidan Osenat yana kallon fadar Fontainebleau ne, a cikin fadar kuma akwai ɗakin kayan Sin da sarauniyar Faransa Eugénie ta buɗe a 1863, cike da kayan da sojojin Faransa suka kwaso daga fadar bazara ta Yuanmingyuan a Oktoban 1860, lokacin da su da na Ingila suka wawashe ta sannan Turawan Ingila suka cinna mata wuta. A Maris na 2015 ma ɓarayi sun fasa ɗakin suka kwashi kaya wajen 15 cikin minti bakwai. Ba cewa nake tulun nan daga can ya fito ba, amma attajirin Sin da ya ji an ce tsohon gida a Faransa, kaka mai tara kaya, hatimin Qianlong, ya san ta wace hanya kayan fadarsu da yawa suka bi suka shigo ƙasar, kuma mayar da su gida abun alfahari ne a wajensu, wannan kaɗai yana iya sa hannu ya ƙi sauka.

Kafin wannan rana ciniki mafi tsada da gidan ya taɓa yi shine takobin da Napoleon ya riƙe a yaƙin Marengo, yuro miliyan 4.8 a 2007, sai ga tulun furanni ya shafe shi. Ita kuwa matar, Allah sarki, Osenat ya ce da aka gaya mata rikicewa ta yi, tsoro ya kama ta kar sunanta ya fita a jarida, kuma bai fita ba. Ɗan ƙasar Sin ne ya saya. Bayanin da aka sayar masa da tulun a kansa shine wanda korarren ƙwararren ya rubuta, ƙarni na 20, yuro 1,500 zuwa 2,000.